Direban da Zuciyarsa Ta Iya Bin Lungu

Malama, don Allah ki taimake ni, ki shiga tsakanina da mutanen gidana kafin kaina ya fashe. Ni ba mai rubuta wa jarida ba ne, wannan ma a bayan tsohuwar takardar inshora na fara tsara ta kafin na sami farar takarda. Amma abin ya kai inda ya kai. Yau kwana tara ke nan batirin motata yana ƙarƙashin gadon maiɗakina, an lulluɓe shi da tsohon zane kamar jariri.

Ni direban tasi ne, shekara talatin da ɗaya a kan sitiyari. A tasharmu Na-Lungu ake kirana, saboda ban taɓa yarda cunkoso ya riƙe ni ba. Idan babban titi ya cushe, sauran direbobi suna ta danna hon suna zagin juna, ni sai in karya kwana ta bayan gidan mai, in ratsa tsakanin shagon mai walda da katangar makaranta, in ɓullo gaban kasuwa, fasinja yana ta salati a baya. Akwai lungun da sai na naɗe madubi biyu nake wucewa, kuma ko fenti ban taɓa gogewa ba. Na faɗi wannan ne don ki san mai maganar nan ya san hanya.

Wata huɗu da suka wuce na fara jin wani nauyi a ƙirji, kamar an ɗora mini safayar taya. Yana zuwa ne idan na ɗaga jakar fasinja zan sa a but ɗin mota, ko na hau benen ofishin ƙungiyarmu ta direbobi. In na tsaya minti biyu sai ya sake ni. Na ce olsa ce, na yi ta shan farin maganin nan na kwalba. Babbar 'yata, malamar makaranta ce, ta gaji uwarta wajen kafiya, ita ta ja ni asibiti. Aka yi aune-aune, aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka sa ni sassarfa a kan wani bel da ba ya kai mutum ko'ina. Daga ƙarshe aka kwantar da ni, aka zura wata siririyar roba ta wuyan hannuna har zuciya, aka tura wani ruwa, aka ɗauki hoto.

Likitan ɗan saurayi ne, ina jin da kaɗan ya girmi 'yata, amma yana da ladabi. Ya juyo mini da allon ya ce manyan jijiyoyi uku ne suke kai wa zuciya jinin da ita kanta take ci. Tawa ɗaya kitse ya toshe ta kusan gaba ɗaya, ta biyu ta tsuke fiye da rabi, ta uku da sauƙi. Sai ya nuna mini wasu siraran zare-zare kamar gashin masara, sun taso daga ta biyun sun zagaye wurin da ya toshe. Ya ce su ne suka hana ni faɗuwa tuntuni. Wai idan jijiya tana tsukewa a hankali shekara da shekaru, zuciya tana jin yunwar jini, sai jiki ya buɗe waɗannan ƙananan hanyoyi na gefe. Ya ce ba kowa yake samunsu da yawa haka ba, nawa suna da kyau.

Malama, a nan na daina jin sauran bayaninsa. Bakina har kunne. Lungu ne fa! Babban titi ya rufe, zuciyata ba ta tsaya danna hon ba, ta karya kwana. Ashe shekarun nan da nake tuƙi tana daga ciki tana koyon sana'a. Shi dai ya ci gaba da magana a kan wani ɗan bututu mai kamar raga da yake son ya saka a jijiya ta biyu, ya rubuta ƙwayoyi kala huɗu, ya ba ni ranar Alhamis, sha tara ga wata. 'Yata tana rubutawa tana share hawaye, ni kuwa hoton kawai na roƙa a buga mini.

Na kai wa mai hoto ya faɗaɗa shi, ya lulluɓe da roba, na manna a gaban mota inda fasinja zai gani. A tasha Ciyaman ɗinmu ya sa tabarau ya duba sama da ƙasa, ya ce tun da yake bai taɓa ganin zuciya mai dabara irin wannan ba. Mai facin taya ya ce da shi ne ko allura ba zai bari a kai wurin ba, kada a je a huda abin da bai sace ba. Bakanike ya ce ai likitoci 'yan'uwansu ne, in ka kawo musu mota da ƙarar birki sai sun sauke inji. Mutum uku, babu wanda bai haura hamsin ba, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Fasinjoji ma suna yabawa. Wata mata ce kawai ta ɓata mini rai, mai fararen kaya irin na ma'aikatan jinya. Ta leƙo daga baya ta daɗe tana kallon hoton, ta tambaye ni na wane ne, na ce nawa ne, ina gyara zama. Ta ce in tsaya. A tsakiyar gada ta sauka, rana tsaka, ba inuwa ba komai, ta tsaya tana tare wata motar. Har yau ban gane abin da na yi mata ba.

Ga inda ni da iyalina muka raba hanya. Na zauna na yi tunani irin na mai hankali. Lungu ba hukuma take yinsa ba, matsi ne yake yinsa. In titi a buɗe yake, wa zai bi ta bayan gidan mai? Likita da bakinsa ya ce yunwar jini ce take buɗe hanyoyin nan. To in na sha ƙwayoyin da za su sa jini ya tsinke ya yi ta wucewa salin-alin, aka kuma saka bututu aka share titi, ai zuciya sangarcewa za ta yi, lungunan su mutu, ciyawa ta rufe su. Saboda haka na sallami ƙwayoyin. Kullum da safe ina ɓallo su daga katinsu a gaban maiɗakina, in kai hannu baki, in kora da ruwa, su kuma su faɗa aljihun riga, daga nan sai kwata. A maimakonsu na tsara wa kaina horo. Benen ofishin ƙungiya matakala ashirin da biyu ne, ina hawa da sauri har sai nauyin ya zo, in jingina da bango in ce madalla, ma'aikata sun fito, ana haƙa sabon lungu. Sigari na rage daga kwali zuwa rabi, ban bari duka ba don kada titi ya yi wayam. Ƙanena ya aiko mini da wata jarka daga wajen masu tallan magani da lasifika, wai tana wanke jijiya tas, ita ma na ƙi sha, saboda ni ba wanki nake nema ba. Ki duba fa, har maganin banza na guje wa, amma ba wanda ya yaba mini.

Wankin kaya ne ya tona ni. Na manta ban zubar da ƙwayoyin kwana biyu ba, maiɗakina ta jiƙa rigar, aljihu ya fito ruwan hoda. Shekara ashirin da tara muna tare, ban san muryarta tana kaiwa can ba. Ta yi mini wankin babban bargo a tsakar gida, maƙwabta suna leƙe ta taga, ta ce ni gawa ce mai lasin. Ta ɗauke makullin mota. Na fito da na ajiya daga cikin tsohon takalmi. Washegari ta kira surukina, mijin 'yar tawa, mutumin da in zai yi ribas sai an fito an tsaya masa, ya zo da sifana ya kwance batir, kansa a ƙasa, yana ta cewa in yi haƙuri Baba. Tun ranar ake ba ni abinci ba mai ba gishiri. 'Yata kuwa ta daina faɗa, sai dai ta zo ta zauna ta zuba mini ido, wannan ya fi faɗan ciwo.

Tunda ba a sa suna a filin nan, bari in faɗa miki abin da ba su sani ba. Nakan ce musu zan je tasha gaisawa, amma da rana sai in karɓi motar wani abokina in yi sawu uku ko huɗu, don kada hannu ya mutu. Shekaranjiya ina zaune a layi ina jiran fasinja, ban ɗaga komai ba, ban hau komai ba, sai abin ya zo. Wannan karon ya hau har muƙamuƙi, ya sauka hannun hagu, gumi ya jiƙa ni sharkaf alhali gilas a sauke yake. Ya fi minti goma. Na kifa kai a sitiyari, mai faci ya ɗauka gyangyaɗi nake. Da ya lafa na ce wa kaina babban aiki ake yi a ciki, wataƙila har da zuba kwalta.  Jiya ma abin ya ɗan taɓa ni ina sa takalmi.

Kuma akwai Dogo. Tare muka fara tuƙi da shi. Shekara uku da suka wuce aka yi masa aikin zuciya, aka tsaga ƙirji, tun daga nan bai koma mota ba. Yanzu yana zaune a benci bakin tasha da filo a bayansa, direbobin da mu muka koya musu sa giya suna ba shi ajiyar caja da ledar burodi. In na zo wucewa ba na iya haɗa ido da shi. Ni ban iya komai ba sai tuƙi. Tun da na karɓi lasin ban taɓa zama a kujerar baya wani yana ja ba. Yanzu a ce in kwanta ido biyu, wani yana tuƙa waya a cikin ƙirjina, ni ko madubi ba na gani? Tsoro nake ji, Malama. Na faɗa, kuma ke kaɗai na faɗa wa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Maiɗakina ba ta wasa da filinki, duk Asabar ita take fara karɓar jaridar, ta karanta, ta yanke shafinki ta adana a gwangwanin biskit. Maganarki ta fi tawa nauyi a gidan nan. Ki gaya mata wanda Allah ya yi wa hanyoyi kyauta ba ya buƙatar bututun kanti, ta fito mini da batirina. Alhamis ɗin nan kuma ina so in ɗaga ta zuwa bayan wata shida, in ga iya inda lungunan za su kai.

Naki,
Direba mai sanin hanya

*

Malam Direba,

Sau biyu na karanta wasiƙarka. Karon farko na yi dariya har abokan aikina suka leƙo. Karo na biyu ban yi ba. Ni ba likita ba ce, don haka na kira wata likitar zuciya da muka yi makaranta tare, na karanta mata a waya. Ita ko sau ɗaya ba ta yi dariyar ba.

Bari in fara ba ka gaskiyarka. Hanyoyin gefen nan suna nan, kuma baiwa ce. Likitar ta ce masu irinsu da yawa, in bugun zuciya ya same su, ɓarnar takan zo da sauƙi. Ka gode wa Allah. Maiɗakinka ma ba ta kyauta ba da ta tara maka maƙwabta. Dattijo mai suruki ba a kiransa gawa a tsakar gida, kuma tsawa ba ta taɓa sa kowa shan magani ba. Tsoron da kake ji na rasa sana'a shi ma ba abin dariya ba ne, duk wanda ya ci abinci da hannunsa shekara talatin zai gane.

Iyakar gaskiyarka ke nan. Sauran kuwa, tunda da yaren hanya kake ji, da shi zan yi maka. Lungun da sai ka naɗe madubi kake wucewa, mota nawa yake ɗauka a lokaci ɗaya? Da hantsi, gari shiru, ya isa. Ka juyo masa da duk motocin babban titi lokacin tashi daga aiki ka ga abin da zai faru. Haka zare-zarenka suke. Kana hutawa suna iya kai abin da zai riƙe rai, ka ɗaga jaka ko ka hau bene sai su gaza. Nauyin da kake ji naman zuciyarka ne yake kukan jini bai ishe shi ba. Babu ma'aikata, babu kwalta, babu mai haƙa komai.

Ka kuma manta daga inda lungunan suka taso, alhali da hannunka ka rubuta: daga jijiya ta biyu, wadda ta tsuke fiye da rabi. Ita take ciyar da yankinta, ita take ciyar da yankin 'yar'uwarta da ta toshe. Ranar da ta rufe, wuri biyu ne za su rasa jini lokaci ɗaya. Shi ya sa likitanka yake son ya buɗe ta. Wannan ne bayanin da aka yi kana can kana murmushi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lokaci. Hanyoyin gefe watanni da shekaru suke ɗauka suna buɗewa, bugun zuciya kuwa cikin mintoci yake zuwa. Kitsen da ya taru a bangon jijiya yakan fashe, jini ya daskare a kansa, hanya ta rufe ruf nan take. Wani lokaci ma a jijiyar da ake ganin da sauƙi ne, inda babu lungu ko ɗaya saboda ba a taɓa buƙatarsa ba. Ƙwayoyin da kake ciyar da kwata aikinsu ke nan: wata ta hana jini daskarewa, wata ta rage kitsen, wata ta sauƙaƙa wa zuciya aiki. Ba sa sangarta kowa. Sigarin da ka ɗauka aikin gadin cunkoso kuwa yana cikin masu tsokano fashewar. Motsa jiki yana da amfani, amma wanda likita ya auna maka, a tsaya kafin ciwo ya zo, ba tseren bene ba.

Majalisar ƙwararrunka ta tasha ina gaishe su. Ranar da tayarka ta sace ba likita kake kira ba, to ka bar mai faci a kan taya. A cikin duk waɗanda suka ga hoton nan mutum ɗaya ce ta iya karanta shi, ita kuma ta zaɓi zafin rana a kan gada. Fasinjojin da kake ɗauka a motar abokinka ba wanda ya ba su wannan zaɓin. Da abin ya zo maka a layi mota a tsaye take. Da a kan titi ne fa, da mutum huɗu a ciki? Ka mayar masa da makullinsa, kada ka sake taɓa sitiyarin kowa sai likita ya ce ka taɓa.

Ban san abin da ya sami Dogo ba, kai ma ba ka sani ba, tunda shekara uku kana kauda kai. Wata rana ka zauna a bencin ka tambaye shi, ina jin ya fi kewar abokinsa a kan mota. Aikin da aka ce za a yi maka ba na tsaga ƙirji ba ne, ta wuyan hannu ake bi kamar yadda aka yi hoton, kuma da yawa suna komawa aikinsu bayan an duba su an ga sun warware. Ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Ka dubi idon likitanka ka tambaye shi ko za ka koma mota, kuma yaushe. Abin da na sani shi ne benci ya fi kusa da wanda ya jira har bugun ya cinye masa rabin zuciya.

Ka ce ni kaɗai ka faɗa wa. Haba Malam. Ka ɗauki sirrin da kake ɓoyewa ka aiko shi filin da ka san maiɗakinka ce take fara buɗewa, ka haɗa da batir a ƙarƙashin gado da aljihu ruwan hoda, yadda ko maƙwabta za su gane gidan. Ba batir kake nema ba. So kake a sani, bakinka ne ya kasa. To na isar maka. Ke kuma 'yar'uwa, maiɗakinsa, ki sauke murya, ki bar maganar gawa. Mutumin nan a tsorace yake, kama hannunsa za ki yi. Batir dai ya ci gaba da barcinsa.

Maganar ɗaga Alhamis zuwa wata shida, babu ita. Alhamis ɗin ma ta yi nisa. Ciwon da yake zuwa mutum yana zaune, ya hau muƙamuƙi, ya zo da gumi, ya daɗe fiye da yadda ya saba, likitar ta ce ba a ajiye shi a gida ana jiran rana. Yau za ka tafi sashen gaggawa, wani ne kuma zai ja motar. In ka je ka faɗi komai yadda ka faɗa mini, ƙwayoyin da ka zubar, benen, sigarin, da abin da ya same ka a layi. Kada ka rage ko ɗaya don kunya, sun ji wanda ya fi wannan.

Ba ka sa lambar waya ba, ba ka sa adireshi ba, da tuni na kira gidanku. Wasiƙu sun fi arba'in a gabanka, wasu sun yi wata biyu suna jira. Na je na roƙi edita bayan an gama shirya shafi, aka cire wadda za ta fito yau aka sa taka. Masu su za su yi haƙuri, na san in na waiwaye su zan same su. Kai ne ba ni da tabbas.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa hannun likita ya zo da sauƙi, ya mayar da kai cikin iyalinka da ƙafarka.